Kwazazzabon Grand Canyon ba a ganinsa a tsaitsaye

Ƙarfe shida na safe motata take barin garin Flagstaff na jihar Arizona a Amurka da baƙi masu zuwa kallon kwazazzabon Grand Canyon, kuma ba na ɗaukar fiye da mutum bakwai. An sha ce mini in sayi babbar bas tunda kasuwa ta buɗe, na ƙi. Mutum bakwai ne nake iya duban fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, in gane wanda ƙishirwa ta fara kamawa tun shi kansa bai sani ba.

Wannan idon ba a Amurka na samo shi ba. A Agadas na tashi, a hannun kawuna, direban da ke kai Turawa cikin duwatsun Abzin har Timiya, lokacin da yawon buɗe ido ke ci a can. Ni ne yaron mota, mai dafa shayi da ɗaure jarkoki. Idan baƙo ya yi shiru, ya daina ɗaukar hoto, kawu ba ya tambayarsa komai, sai ya nemi inuwa ya tsaya, ya ce, "Ɗan nan, miƙa masa ruwa." Da na zo jihar Arizona na yi shekara huɗu ina tuƙa wa wani dattijo motar baƙi. Shi ya koya mini hanyoyi da sunayen duwatsu, Allah ya saka masa.

Mai jin an ce hamada sai ya zo da 'yar shara. Ai bakin kudu na kwazazzabon yana kan tudu ne, kusan mita 2,100 sama da teku. Da hunturu dusar ƙanƙara ke rufe shi, ko a tsakiyar zafi ma safiyarsa da sanyi, shi ya sa rigunan sanyi ba sa barin bayan motata.

Ta ƙofar gabas nake shiga, bayan mun ratsa ƙasar ƙabilar Nabaho, 'yan asalin Amurka, ta garin Cameron, tafiyar kusan kilomita 130. Da gangan nake yin haka. Da hantsi rana tana bayanka, haskenta na zuba cikin kwarin, kowane sahun dutse ya fito da launinsa, ja da fari da ruwan toka, ga kogin Kolorado can ƙasa yana lanƙwasa. A wurin akwai hasumiyar Desert View da Mary Colter ta zana, aka gina a 1932. Ba na magana a mintunan farko, sai baƙi sun ƙoshi da kallo. Daga nan nake gaya musu cewa kogin ya yi tafiyar kilomita 446 cikin kwazazzabon, faɗinsa a wani wuri ya kai kilomita 29, kuma tun 1919 aka mai da shi gandun ƙasa. Abin da ya fi ba su mamaki shi ne dutsen da suke tsaye a kai: farar ƙasa ce ta gindin teku, masana sun ƙiyasta shekarunta miliyan 270, har yau ana ganin sawun kwanson halittun ruwa a jikinta. Na san inda zan durƙusa in nuna musu da yatsa.

Masu ƙarfi ina saukar da su cikin kwarin ta hanyar ƙafa ta South Kaibab zuwa wurin kallo na Ooh Aah Point, kilomita ɗaya da rabi. A nan ake gane ja-gora. Hanyar ba ruwa, inuwa kaɗan ce, ƙasa ta fi sama zafi, sauka daɗi, hawa kuwa ninki biyu ne na lokacin. Idan ayarin alfadarai ya taho, kowa ya raɓe jikin dutse ya yi shiru. Daga Yuli zuwa Satumba hadari kan taso da rana tsaka, ina jin tsawa ta farko kowa ya bar bakin kwari ya shiga mota, ba gardama.

Abin da ke ci mini rai shi ne masu tallar araha a intanet. Mutum zai zo ya ce, "Malam, ai na ga rabin kuɗinka." To ka tambaye su sa'a nawa za ka yi a bakin kwarin. Idan daga birnin Las Begas suka ɗauko ka, kusan kilomita 450 ne, fiye da sa'a huɗu zuwa, haka dawowa, rana ta ƙare a kujera. Wasu kuma su nuna hoton gandun ƙasa, su kai mutum gadar gilashi ta Skywalk. Wurin yana da kyau, amma ƙasar ƙabilar Hualapai ce, ba cikin gandun take ba, kamata ya yi a faɗa wa baƙo gaskiya ya zaɓa. Har kalmomin tallata an kwashe, amma ba su da takardar izinin hukumar gandu, ba su san taimakon gaggawa ba.

Buta da tabarma suna cikin motata kullum, abincin rana kuma daga gidana yake, na halal. Kwanakin baya na ɗauki wata Hajiya daga Kano da ta zo ganin ɗanta. Ba ta iya sauka cikin kwarin ba, sai na shimfiɗa mata tabarma a Lipan Point, nesa da gaɓa. Bayan ta idar da azahar na ce, "Hajiya, mu ƙarasa gaba?" Ta ce, "Bari dai, ɗana, ban gama ba." Muka ƙara sa'a guda a wurin, na soke tsayawa biyu.