Shekara biyu ina sakataren kwamitin 'yan haya

Makon jiya na miƙa littafin kwamiti da mabuɗin akwatin koke ga wanda aka zaɓa a madadina. Ban sake tsayawa ba, kuma babu wanda ya roƙe ni in tsaya. Wannan na biyun ya ɗan sosa min rai, ba zan ɓoye ba.

Fitilar matakala ce ta kai ni kwamitin. Wata uku muna hawa bene da hasken waya, sai na je taro in yi ƙorafi. Na zuba magana, kafin in zauna wani ya ce mai baki haka ai ba zai rasa hannun rubutu ba. Haka na zama sakatare.

Amma zancen rufi ne ya sa na ɗauki alƙalami yau.

Hawa na ƙarshe ya daɗe yana yoyo. Rufin kankare ne shimfiɗaɗɗe, magudanar da ke sauke ruwa ta toshe da ƙasa da ganye, ruwa ya kwanta a sama, ya samu tsaga ya bi. Gida uku abin ya shafa, amma ya fi tsanani a wajen wata dattijuwa da kowa ke kira Mama, tana zaune da jikokinta biyu. Yarjejeniyar hayar da muka sa wa hannu ta faɗa ƙarara cewa rufi da bango da manyan bututun ruwa gyaransu na mai gini ne. Ba alfarma muke nema ba.

A taro aka tsayar da magana: a rubuta koke guda, kowane gida ya sa hannu, a haɗa da hotunan bangon, a kai ofishin kamfanin da ke kula da ginin, a karɓo kwafi mai hatimi da kwanan wata. Ni aka ɗora wa. Na rubuta, na bi ƙofa-ƙofa har dare, kusan kowa ya sa hannu.

Saura kwana biyu in kai, manajan ginin ya tare ni a wurin ajiye motoci. Labari ya riga ya isa kunnensa (har yau ban san wanda ya kai masa ba, ko da yake ina da wanda nake zargi). Ya dafa kafaɗata yana murmushi.

"Haba Sakatare, mu da ku ai ba ta haka. Takarda in ta shiga ofis, ta fita daga hannuna. Sai sun turo mai dubawa, sai an nemi 'yan kwangila uku, wata shida ba a taɓa komai ba. Ka bar min maganar, kafin ƙarshen wata zan turo masu gyara."

Na yarda. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa don Mama na yi, don aiki ya yi sauri. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ba ita ke nan ba. Mutumin nan ya saba kirana a waya, yana tambayar iyali. Ranar da famfon kicin ɗina ya lalace, yini ɗaya aka gyara, alhali maƙwabcina ya yi sati uku yana jira. Na fara jin kaina wani mai faɗa a ji, wanda in ya ɗaga waya ake motsi. Ban so in ɓata wannan da takarda.

Na sanar da shugaban kwamiti, a baki, a bakin matakala. Ya ce, "Yadda ka gani, Malam, ai ka fi mu kusa da shi." Ban kira taro ba. Shawarar da mutane suka yanke a zaune, ni kaɗai na warware ta a tsaye. A zauren WhatsApp na rubuta cewa an yi magana, gyara na nan tafe. Kalmar da ban rubuta ba ita ce takardar tana cikin aljihun teburina.

Wata ya ƙare, aka ce mai gyara ya yi tafiya. Wani watan, ana jiran kaya. Abin da ya fi ba ni kunya yanzu shi ne ni nake kai wa mutane waɗannan uzurorin, da bakina, har ina ƙara musu gishiri don su shiga kunne. An zaɓe ni in zama bakin 'yan haya a gaban manaja, na koma kakakin manaja a gaban 'yan haya, ba albashi.

Sai wani dare aka kwana ana sheƙa ruwa, silin ɗin ɗakin jikokin Mama ya rufto. Allah ya tsare, a falo barci ya ɗauke su. Katifa, littattafan makaranta, akwatin tufafi, duk suka tafi.

Kamfani ya turo wakili, aka zauna. Tambayarsa ta farko: "Yaushe kuka sanar da mu a rubuce?" Ya buɗe yarjejeniya ya karanta mana sakin da ke cewa wajibi ne ɗan haya ya sanar da duk wata lalacewa a rubuce. Na karanta sakin da ke ɗora gyara a kan mai gini ya fi sau goma, wannan da ke ƙarƙashinsa ban taɓa tsayawa a kansa ba. Manaja ya ce koke bai taɓa zuwa teburinsa ba, kuma bai yi ƙarya ba. Na juya wajen shugaba, ina jiran ya ce da saninsa aka yi. Ya gyara zama ya ce shi ma yanzu yake jin cewa ba a kai takardar ba.

An gyara rufin cikin mako biyu, don yanzu ɓarna ta fito fili. Kayan Mama kuwa ba a biya ko ɗaya ba, tunda babu shaidar an taɓa gargaɗinsu. Mu muka yi karo-karo muka sayi katifa. Da na kai mata, ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Cewa ta yi, "Ɗana, da ka ce min ba ka kai ba, ai da na lallaɓa na kai da kaina."

Na so in ajiye muƙamin a ranar. Abin da ya hana ni shi ne in na tafi a lokacin, labarin shugaba ne zai zauna.

Sauran abin da na koya ba su da tsawo. Duk maganar da aka yi a waya, a bi ta da saƙo a ranar: kamar yadda muka yi magana ɗazu, kun ce kaza, ranar kaza. Kada mutum ɗaya ya je wajen manaja, a je biyu. A karanta bayanin taron baya kafin a fara sabo, ko da ana hamma. Kuɗin kwamiti kada ya fita sai da hannu biyu da rasit. Wanda ba ya zuwa taro ba lallai ne bai damu ba, wani aikin dare yake yi, a riƙa sauya lokaci. In kuma shugaba ya ce maka "yadda ka gani", ka ce ya rubuta.

Da wannan tsarin, a shekara ta biyu aka sauya injin tura ruwa sama, kuma da aka kawo sanarwar ƙarin kuɗin haya ba tare da cika wa'adin da yarjejeniya ta tanada ba, takarda ɗaya muka kai aka ɗage. Ni na rubuta ta, ni na tsaya har aka buga hatimi. A taron zaɓe, shugaba aka yi wa tafi a kan ƙoƙarinsa, aka kuma mayar da shi kujerarsa.

Shekaranjiya ta taga na hango manaja a wurin ajiye motoci, hannunsa a kafaɗar sabon sakatare, suna dariya. Famfon kicin ɗina ya sake lalacewa. Na kai koke a rubuce, na karɓi kwafina, yau kwana 19 ina jira.