Tarihin Rayuwata, Kashi na 6: Akwatin Goggo

A makon jiya na tsaya ne a ranar da Baba ya ɗora ni a bayan Vespa ya kai ni Fagge, gidan ƙanwarsa, domin in taya ta zaman jego. A 1993 ke nan, shekarata 12, na gama firamare ina jiran sakamakon jarrabawar shiga sakandare. Wata biyu aka ce zan yi. Shekara huɗu na yi a gidan, kuma rabin dalilin yana cikin wani akwatin ƙarfe da ke ƙarƙashin gadon Goggo.

Goggo ba ta yi boko da ƙuruciya ba. Allo ta yi, aka aurar da ita tana ƙarama. Sai bayan da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya a Kano a 1980, aka fara buɗe azuzuwan yaƙi da jahilci har da na matan aure, sannan mijinta ya yarje mata ta shiga. Takan ce ta yi watanni tana dambe da "b" da "d" kafin su daina yi mata kama da juna. To, ta iya karatu, amma me za ta karanta? Katin asibiti, sai guntun jaridar da aka ƙunso ƙosai a ciki. Haka ta zauna da karatunta kamar mai sabuwar tukunya babu abin dafawa, har ƙarshen shekarun 1980, lokacin da ƙananan littattafan labari na Hausa suka fara cika Kano.

Waɗanda ba su riski zamanin ba, bari in kwatanta muku. Littattafai ne sirara, takardarsu kana hango rubutun bayanta. Marubuci shi ke neman kuɗinsa ya kai maɗaba'a, ya ɗauko ya kai wa 'yan kasuwar Sabon Gari, kuma da yawa daga cikin marubutan mata ne, matan aure irin su Goggo. Labari ɗaya sai a raba shi gida uku: na ɗaya, na biyu, na uku, a yanke na ɗaya daidai inda ranki ya fi so. Wasu na ɗauke da sunan ƙungiyar marubuta ta Raina Kama, kuma Goggo in ta ga sunan nan ba ta tsayawa tambaya.

A bakin layinmu akwai mai shagon da ke sayar da sabulu da ashana, ya ɗaure igiya daga bango zuwa bango ya rataye littattafai kamar shanya. Haya yake bayarwa, kwana ɗaya, in kin ƙara kwana ki ƙara kuɗi. Matan layin kuwa duk a kulle suke. Don haka ni na zama 'yar aike: da hantsi in karɓo, in kai gidan nan, in karɓo na wancan gidan in mayar. A hanya nake buɗewa ina tafe ina karantawa, sau biyu ina faɗawa kwata.

Bayan sallar isha'i ne gidan ke cika. Matan maƙwabta su yafa mayafi su shigo, a shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, in an ɗauke wuta a kunna fitilar ƙwai. Akwai abokiyar zaman Goggo, akwai matar tela, akwai amaryar gidan da ke kallonmu, sai Iya, tsohuwar da ke sayar da daddawa, wadda ko baƙi ɗaya na boko ba ta sani ba amma ba ta taɓa fashi. Goggo ce mai karantawa. A hankali take yi, da yatsa a kan layi. Wani dare hayaƙin fitila ya dame ta, idanunta na ta ruwa, sai ta miƙo mini littafin.

"Karɓi, 'yar nan. Ke da kika gama aji shida, mu ji abin da aka koya miki."

Muryata na rawa na fara. Ban kai ƙarshen shafi ba Iya ta ce, "Yarinya, ba kora ake yi ba. In uwar ce ke magana, ki yi muryar uwa." Darasin farko ke nan da na samu a kan karatu, kuma har yau ban samu wanda ya fi shi ba. Tun daga daren nan karatu ya dawo hannuna.

Abin da na fi tunawa shi ne gardamar da ke biyo baya. Ba a rufe littafi a tashi. In labarin auren dole ne, sai Iya ta ce su ma haka aka yi musu, ga su sun rayu, matar tela ta ce, "Iya, kun rayu, amma kun ji daɗi?" Iya ta yi shiru ta gyara ɗaurin kallabinta. Wata rana kuma labarin ya zo kan kishiyoyi biyu da ba sa ga-maciji, ga Goggo ga abokiyar zamanta a tabarma ɗaya, gwiwa na taɓa gwiwa. Na rage murya, ina neman in tsallake wurin. Abokiyar zaman ce ta ce, "Karanta duka. Ai ba mu aka ambata ba." Na karanta. Da na kai inda uwargidan ke kuka ita kaɗai a ɗaki daren da aka kawo amarya, na ɗaga kai na ga amaryar Goggo ba littafin take kallo ba, Goggo take kallo. Washegari ita ta yi wa jaririn wanka ba tare da an roƙe ta ba. Abin da shekaru suka hana su faɗa wa juna, sun ji shi daga bakina, da sunayen wasu mutane.

Da kuɗin haya ya fara yi musu yawa, matar tela ta kawo shawarar adashi. Kowace ta ajiye ɗan abin da ta samu daga sana'arta duk mako, a ba ɗan Goggo na fari ya je Sabon Gari ya sayo sabo. Littafi ya zaga gidaje, in ya gama ya kwanta a akwatin Goggo. Aka ba ni littafin rubutu mai shafi 40 na ja layi: sunan littafi, gidan da yake, ranar da ya fita. Wadda ta ɓatar ta biya, wadda ɗanta ya yaga ta ɗinke da zare da allura. Ban san kalmar laburare ba a lokacin, akwatin Goggo kawai muke cewa.

Sai wata Juma'a Baba ya biyo daga masallaci ya same ni a zaure, na yi nisa har ban ji sallamarsa ba. Baba mai karatu ne, ba ya wuce Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da aka fara bugawa a Zariya a 1939, amma waɗannan littattafai a wurinsa ɓata tarbiyya ne, kuma ba shi kaɗai ke faɗin haka a Kano ba. Ba zan ce bai da gaskiya ko kaɗan ba. A cikinsu akwai na banza, akwai wanda Goggo da kanta ta hana ni buɗewa. Ya karɓe littafin ya kira ƙanwarsa.

"Na kawo miki yarinya ta taya ki aiki, kin mayar da ita mai karanta soyayya?"

Goggo ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta ce, "Yaya, ka yi haƙuri. Amma ni sai da na haifi uku kafin in iya karanta sunana. Wannan kuwa mata shida ke zama su saurare ta. In ka hana ta wannan, ka ba ta wani."

Bai amsa ba. Ya sa littafin a aljihu ya tafi, ni kuma na kwana ina kuka, har da tunanin kuɗin adashin mutane. Juma'ar da ta zagayo ya dawo da shi, ya haɗa da jaridarsa, ya zaunar da ni a zaure na karanta masa shafin farko gaba ɗaya, yana gyara mini sunayen garuruwa. Da na gama ya ce in shirya ranar Asabar da safe, in sa kayan kirki, zai kai ni wani gida kusa da fadar Sarki, inda Turawan British Council suka tara littattafan da ko shekara goma zan yi ba zan gama ba.

Yadda na shiga gidan nan da Turancina na aji shida, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.