Ranar ɗauko igiyar bara a Mashigin Fram

Talata, farkon Agusta, a jirgin ruwan bincike, wajen digiri 79 arewa, can kusa da ƙuryar arewacin duniya.

Ƙarfe huɗu saura kwata aka ƙwanƙwasa mini ƙofa, lokacin karɓar aiki ya yi. Asubar a agogo kawai take, don a wannan watan rana ba ta faɗuwa a nan, kewaya sama take yi. Na sa kayan sanyi rigis, na ɗora takalmin ƙarfe da hular kwano, na sauka ɗakin kwamfuta.

Na tarar an riga an zura na'urar CTD cikin ruwa. Wani keji ne na ƙarfe mai ɗauke da kwalabe 24 a kewaye, a ƙarƙashinsu kuma akwai ma'aunan zafin ruwa da gishirinsa da zurfinsa. Injin naɗe waya yana sakin ta kamar mita ɗaya a daƙiƙa, ni kuma aikina in zuba wa allo ido, ina magana da mai injin ta rediyo. Ban taɓa gajiya da kallon wannan layin da ke zana kansa ba. A sama zafin ruwan ya yi ƙasa da sifili, gishirinsa kaɗan, saboda narkakkiyar ƙanƙara ce da ta gangaro daga Tekun Aktik. Da na'urar ta wuce mita ɗari da wani abu sai layin ya karkata, zafi ya haura digiri 2, gishiri ya ƙaru. Ruwan Atilantika ke nan, wanda ya taso daga kudu, ya bi gaɓar Norwe, ya kai yammacin tsibiran Svalbard, wani sashensa ya juyo yamma ya nutse ƙarƙashin ruwan sanyi don ya fi shi nauyi. Can ƙasa kuma sanyi ya dawo, ƙasa da sifili har gindin teku, zurfin da ya kai mita 2,500.

Da muka kusa ƙasa na ce wa mai injin ya rage gudu, muka tsaya saura mita goma. A hanyar dawowa ne ake rufe kwalaben ɗaya bayan ɗaya, kowace a zurfinta. Ɗibar ruwan kuwa shi ne wahalar. Ruwan da za a auna iskar oksijin ɗinsa ake fara ɗiba, kafin iskar waje ta gurɓata shi, kuma ba a yarda ko ƙwayar kumfa ɗaya ta shiga ba. Dole ka bar ruwan ya yi ta malala a kan yatsunka har kwalbar ta cika ta tumbatsa. Kafin in kai kwalba ta goma hannuna ya daina jin murfi.

Babban aikin yau dai shi ne ɗauko igiyar da aka dasa bara. Igiya ce mai tsawon sama da kilomita biyu, tsaye ƙyam a cikin ruwa. A gindinta akwai nauyin tsofaffin ƙafafun jirgin ƙasa, a samanta kuma manyan ƙwallaye masu iyo da ke jan ta sama, tsakaninsu an jera na'urori masu auna gudun ruwa da zafi da gishiri kullum dare da rana. Kanta yana tsayawa kamar mita hamsin ƙasa da fuskar ruwa don kada ƙanƙara ta tafi da ita. Tun 1997 masu bincike daga Jamus da Norwe suke dasa irin waɗannan igiyoyi a jere, suna ratsa mashigin tsakanin Svalbard da Girinlan. Dalili kuwa, nan ce kaɗai ƙofa mai zurfi tsakanin Tekun Aktik da sauran tekunan duniya. Ta gabas ruwan ɗumi ke shiga, ta yamma ruwan sanyi ke fita, kuma mafi yawan ƙanƙarar da ke barin Aktik ta nan take bi. Ta wannan yankin ne jirgin Fram na Fridtjof Nansen, wani mai bincike ɗan Norwe, ya kuɓuta a 1896 bayan shekara uku ƙanƙara na jan sa, shi ya sa mashigin ke ɗauke da sunan jirgin. Jirgin Polarstern na Jamus ma nan ƙanƙara ta kawo shi a 2020.

Da muka iso wurin wajen ƙarfe tara, sai ga ƙanƙara ta rufe shi ruf. Idan aka saki igiyar a haka, ƙwallayen za su taso su maƙale a ƙarƙashinta, ba mai ganinsu, ruwa ya tafi da su kudu da aikin shekara guda. Shugabar masu bincike ta hau wajen kyaftin suka daɗe suna duba na'urar rada mai nuna inda ƙanƙara take, da kuma inda iska ke kaɗawa. Shawarar da aka yanke ita ce a farfasa ƙanƙarar da ke gangarowa ta arewa, a jira fili ya zo daidai kan igiyar. Awa uku jirgin yana kai da komowa, yana hawa kan ƙanƙara yana danne ta har ta tsage, duk jikinsa na rawa. Mun ci abincin rana kowa na riƙe da kofinsa.

Ƙarfe ɗaya da rabi aka zura na'urar sauti cikin ruwa, aka aika wa maƙullin da ke haɗa gindin igiyar da nauyin nan lambarsa. Ya amsa. Shugabar ta dubi kyaftin ta ce, "Kyaftin, mu saki?" Ya leƙa tagar hagu, ya leƙa ta dama, ya ce a saki. Daga nan kowa ya fita da madubin hangen nesa, har mai dafa abinci. Minti biyu, minti uku, ba komai sai tsuntsayen teku da ke bin jirgi. Wani matuƙi ne ya fara hango jan abu yana lilo a bakin wata ƙanƙara, ya ɗaga hannu yana ihu. Gaskiya sai da idona ya kawo ruwa.

Janyo ta ya ci mana yamma gaba ɗaya, kuma a nan ne mu masu bincike muke ja da baya. Shugaban ma'aikatan saman jirgi shi ke da magana. Da hannu yake ba mai injin umarni, ba ya ɗaga murya, kuma ba ya yarda kowa ya tsaya kusa da igiyar da ke ɗauke da nauyi. Sunayen waɗannan mutane ba sa fitowa a takardun bincike, amma ko lamba ɗaya ba za mu samu ba in ba da su ba. Wannan abu yana damuna, ina ganin ya kamata a riƙa faɗarsa a fili.

Na'urorin sun fito ɗaya bayan ɗaya, na sama da gansakuka da ƙananan halittu a jikinsu, na ƙasa kuwa fes kamar jiya aka saka su. Muka wanke su da ruwan daɗi, muka kai ɗakin gwaje-gwaje, muka jona da kwamfuta. Duk sun yi aiki sai ɗaya, wadda batirinta ya mutu tun cikin Maris. Na zauna ina bin layin wadda ke mita 250. Ga watannin duhu nan, lokacin da rana ba ta fitowa kuma da wuya jirgi ya iso nan, tana ta rubuta awo. Shekara ɗaya ba ta isa a ce teku ya canja ba, don wata shekarar ta fi wata ɗumi. Sai an jera shekaru masu yawa, wuri ɗaya, zurfi ɗaya, sannan ake gane cewa ruwan Atilantika da ke shiga Aktik ya ƙara ɗumi, ƙanƙarar da ke fita kuma ta rage kauri. Shi ya sa rasa igiya ɗaya ke da ciwo, giɓin ba ya cikuwa har abada.

Yanzu ƙarfe goma na dare, na ja labulen taga saboda hasken. Mun kwafi bayanan a wuri uku. Gobe in Allah ya kai mu za a dasa sabuwar igiya a daidai inda aka cire wannan, kuma an ce in zo ƙarfe shida in taya saita agogon na'urorin da duba batiransu kafin a rufe.