Sandar da ta koya wa Mario tafiya a hankali

Kafin 1996, yawancin wasannin bidiyo na gida da maɓalli mai siffar gicciye ake sarrafa su: kusurwa takwas kawai, kuma ko ka danna ko ka sake. Da na'urar wasa ta Nintendo 64 ta fito da wasan Super Mario 64, sai ga 'yar sanda a tsakiyar abin riƙewa. Ka tura ta kaɗan, Mario, jarumin wasan, ya yi sanɗa. Ka kai ta ƙarshe, ya sheƙa a guje, ta kowace fuska. A ganina, a nan wasan 3D, mai tsawo da faɗi da zurfi, ya fara daɗi a hannu.

Cikinta abin sha'awa ne. Akwai ƙananan faifai biyu masu tsaga-tsaga, ɗaya na hagu da dama, ɗaya na gaba da baya. Haske na ratsa tsagogin, na'ura tana ƙirga su.

Matsalarta roba ce ke gugar roba. A kwana a tashi gindin sandar ya cinye, farin gari ya taru, ta yi lako-lako, Mario ya kasa gudu. Buɗe ta, share garin, shafa ɗan giris. Kada kuma ka riƙe sandar lokacin kunnawa, domin inda take a lokacin shi na'urar za ta ɗauka tsakiya. Idan hakan ta faru, sake ta, ka danna maɓallan L da R da Start tare.