Katakon da muke ɓarewa bayan an zuba dekin

Makon jiya na tsaya ina kallon yaran kafinta suna ɓare katako daga ƙarƙashin dekin da muka zuba a wani bene. Kwana 21 katakon nan yana ɗauke da kankare, ga gorori jere sun tokare shi. Da kankaren ya yi ƙarfi sai aka fizge shi da kan guduma, rabi ya tsattsage. Wata mai tuyar ƙosai ta zo ta kwashi guntayen za ta hura wuta. Abin ya tsaya mini a rai.

Akwai hanyar da katakon ba ya fita. Kankare gwani ne wajen jure danniya, amma in aka ja shi sai ya tsage, shi ya sa muke cusa masa rodi. Katako kuwa yana jure ja. To shimfiɗar bene in ta ɗauki nauyi, samanta ne ke matsewa, ƙasanta ke miƙewa. Sai magina suka sa katako mai kauri a ƙasa, suka zuba kankare siriri a kai, suka ɗaure su da dogayen sukurori ko gurabun da aka sassaƙa a jikin katakon, don kada ɗaya ya zame wa ɗaya. Simintin da ake ci ya ragu, nauyin da ke kan tushe ya ragu, katakon kuma ya zama silin da kansa.

A Dornbirn ta ƙasar Ostiriya an gama wani bene mai hawa 8 da irin wannan shimfiɗa a 2012. Wanda ya fi burge ni shi ne Mjøstårnet a Norway, hawa 18, tsayin mita 85.4, da aka buɗe a 2019. Ginin katako ne, amma rashin nauyinsa zai sa iska ta riƙa kaɗa shi, sai suka zuba kankare a hawa bakwai na sama don ya danne shi. Sun sa siminti daidai inda aikinsa yake. Masana'antar siminti kuwa ita ke fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke fitarwa.

Ɗakin kakana a Zariya rufin azara ne, an jera ta an ɗora ƙasa a kai. Azarar giginya ce, gara ba ta taɓa ta ba har yau. Da na kwanta a ciki bara ina kallon jerin nan, sai na ga itace a ƙasa, nauyi a sama, kamar dai zanen irin wannan shimfiɗa da nake gani a kwamfuta.

Damuwata ita ce itacen. Mutanen Ostiriya suna sara suna dasawa, dokarsu ta tilasta hakan. Mu katakon da ke zuwa mana daga Kudu sau da yawa ɗanye ne, yana bushewa yana murɗewa, giginyar ma sai raguwa take yi. Na fara ajiye katako goma sha biyu a inuwa su bushe, na shafe su da maganin gara. Bayan damina zan gwada a ƙaramin shagon da ke ƙofar gidana, mai faɗin mita uku.