Matar da ta binne maza biyu da kishiya, ta ba da labarin da bakinta

Labarin da na rubuta bana, mace ce ke ba da shi da bakinta, a wani ƙauye irin namu na ƙasar Ringim. Ta kashe mazanta biyu da kishiyarta, amma daga farkon littafin har ƙarshe ba ta taɓa cewa ta kashe kowa ba. Kullum maganarta ita ce "kwana ya ƙare".

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne muryarta. Da na tsaya na saurari yadda ake magana a gidan makoki, sai na gane ba ta buƙatar ƙirƙiro wata ƙarya, kalmomin da muke yi wa juna ladabi da su sun ishe ta. Ba ta kiran sunan miji, Malam take cewa. In zance ya zo daidai daren da ya rasu sai ta ce kunya ba za ta bar ta ta faɗa ba, kuma wa zai matsa wa mai takaba? Wata 4 da kwana 10 tana ɗaki da carbi, mata na shigowa suna cewa, "Sannu Baaba, ya ƙarin haƙuri?" ita kuwa tana lissafin tumunin takaba. In mamaci ya bar 'ya'ya, kashi ɗaya cikin takwas ne rabon matansa, su raba tsakaninsu. Wannan lissafin ne ya ci kishiyar, wata biyu kafin Malam.

Na koyi cewa dole a bar wa mai karatu ƙofa ya kama ta da kansa. A babi na biyu ta ce ranar da Malam ya rasu ba ita ce da girki ba. Can gaba, tana yabon kanta, sai ta faɗi yadda ta dama masa fura da nono mai kauri a kwanon sha na musamman. Ban ja hankalin kowa wajen ba. Da na saki babin a WhatsApp, wata mai karatu ta turo mini saƙon murya tana salati.

Zambon da ke cikin labarin mutanen garin ya fi shafa, kuma wannan ne ya fi damuna tun farko. Sun gwammace su ce tana da farar ƙafa da su yi tambaya ɗaya. A sadakar uku da ta bakwai suna cin gumba suna yaba haƙurinta, alhali lokacin da aka aurar da ita tana yarinya, tana kuka, ba wanda ya leƙo. Na ba wannan batu shafi guda kawai, don ban so ya zama uzuri. Kisa ta yi, kuma kishiyar ba ta yi mata komai ba.

Sunan abin da take zubawa ne kaɗai na ƙi rubutawa. Masu karatu sun yi ta tambaya, na ce musu akwai 'yan mata ƙanana a cikin masu bin labarin.