Kara 160,600

Ranar Asabar da ta wuce na ritsa ɗan ƙanwata a bayan gida, ya jingina da bango, hannunsa na dama a baya. Shekararsa 17. Ya gaishe ni da ladabin da ya wuce ƙima, hayaƙi kuwa na tashi ta bayan kafaɗarsa kamar rigarsa ce ta kama da wuta. Na ce ya fito da hannun. Da ya fito da shi sai na ga ya tura karan sigari cikin tafin hannu, yatsu a dunƙule, wutar tana kallon ciki. Gabana ya faɗi, don ni ma haka na koyi riƙe ta idan babba ya taho.

Ya ce, "Kawu, wallahi ba sha nake yi ba, ɗanɗanawa kawai nake."

Ni ma ɗanɗanawar na yi ina da shekara 18, sai da na kai 40 sannan na gama ɗanɗanawa.

Zuƙar farko ba ta yi mini daɗi ba. Na yi tari har hawaye suka zubo, kaina ya juya, abokai suna ta dariya. Dariyar ce ta sa na karɓi kara na biyu, don kada a ce ni rago ne. Na kan ce wa kaina a lokacinmu ba a sani ba: talla ko'ina, malaminka yana sha, jarumin fim yana sha. Akwai gaskiya a ciki. A 1994 ma shugabannin manyan kamfanonin taba su 7 sun tsaya gaban majalisar dokokin Amurka, suka rantse cewa a ganinsu nikotin, sinadarin da ke cikin taba, ba ya kama mutum. Idan masu sayarwa sun iya wannan rantsuwa, yaro ɗan 18 me zai ce? To amma ƙarya nake wa kaina. Tun 1950 wasu masana biyu a Ingila, Richard Doll da Bradford Hill, suka nuna alaƙar sigari da kansar huhu, a 1964 kuma babban likitan gwamnatin Amurka ya fitar da rahoto a kan haka. Duk kafin a haife ni. Kuma ko ban karanta komai ba, ai ina ganin launin kakin da nake tofarwa da asuba.

Abin da ban gane ba shi ne saurinta. Daga zuƙa zuwa isar nikotin ƙwaƙwalwa daƙiƙu kaɗan ne, ba ta kai rabin minti. Shi ya sa nake rantsuwa cewa taba na kwantar mini da hankali. Ashe ita ce ke tayar da hankalin idan ta yi ƙasa a jini, ta kuma dawo ta kwantar, ni kuma ina yi mata godiya. Ko da yake, in faɗi gaskiya, akwai dare da yawa na wahalar aiki da ban san yadda zan yi ba in ba ita. Har yau ban iya tsine mata gaba ɗaya ba.

Kuɗi kuwa, ban taɓa lissafawa ba sai bayan na bari. Kwali ɗaya a rana, kara 20. A shekara kara 7,300 ke nan. A shekara 22, kara 160,600, ban da waɗanda na ba abokai. Kowa ya buga da farashin garinsu ya gani. Ni dai abin da na sani, an sha koro mini yara saboda kuɗin makaranta, na sha cewa matata ta yi haƙuri sai ƙarshen wata, amma ban taɓa kwana babu kwali a aljihu ba. Ko bashi ne sai na ci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 80 cikin 100 na masu amfani da taba suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin samu ne, wato mu da ba mu da shi mu ne muke ƙona shi.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne 'yata ta fari. Tana da shekara 4 ƙirjinta ya riƙa yin kuka da dare kamar ana busa sarewa. Likita ya ɗago kai ya ce, "Akwai mai shan taba a gidan?" Na ce babu. Matata ta kalle ni, ba ta ce uffan ba, ta gyara wa yarinyar riga. Yatsuna biyu a lokacin jawur suke da dattin taba, a cikin aljihu na ɓoye su. A cikin mutum fiye da miliyan 7 da taba ke kashewa duk shekara, sama da miliyan 1 ba su taɓa kunna ta ba, hayaƙin wani suka shaƙa. Na kan ce ai a bakin taga nake sha. Hayaƙi bai san taga ba.

Ban bari saboda 'yata ba, wannan ma abin kunya ne. Na bari ne ranar da na hau bene hawa biyu na zauna a kan matakala ina haki, mutane suna tsallake ni. Aka ce ƙananan jakunkunan iska na huhuna sun lalace, kuma wanda ya lalace ba ya dawowa. Sau 5 ina bari ina komawa kafin barin ya zauna.

Na shirya wa yaron nan nasiha mai tsawo, amma da na buɗe baki kaɗan ce ta fito. Kada ka fara. Idan ka fara, yau za ka bari, ba bayan jarrabawa ba. Binciken da aka yi shekara 50 ana bin likitocin Birtaniya ya nuna mai shan taba na rasa kimanin shekara 10 na rayuwarsa, wanda ya bari yana 30 kuma kusan duk ya tsira da su. Kai 17 kake, me kake jira? Kada ka ce za ka riƙa ragewa a hankali, yaudara ce, ka yanke kawai. Ko da yake ni sai da na rage zuwa kara 3 kafin na iya, don haka idan yankewar ta gagara, ka rage ɗin, ka je wurin likita, akwai cingam da filastar nikotin da ke taimakawa. Ka rabu da abokan da kuke sha tare. Ni ban rabu da nawa ba, biyu daga cikinsu ma ni na raka su makabarta.

Ku yaran yanzu ne kuke ba ni haushi. Gargaɗi a jikin kwali, waya a hannu, komai kuna iya dubawa, amma sai ku zo kuna gaya mini wai shisha ruwa ne ke tace ta, wai ƙamshin tuffa take. Ruwan sanyaya hayaƙin yake yi don ka zuƙa da yawa, gawayin da ke sama kuma yana ƙara maka iskar guba. Sigarin lantarki ma yawanci nikotin ɗin nan ce a sabuwar riga. Hayaƙin taba na ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga ciki suna jawo kansa, kai kuma kana ɗaukar hoto da shi kana sakawa a intanet.

Ya saurare ni kansa a ƙasa, yana ta "To, Kawu", irin "to" ɗin da na san ba ta wuce leɓe ba. Na karɓe kwalin, na ce ba zan gaya wa uwarsa ba a wannan karon. Kara 14 suka rage a ciki. Yana cikin durowata har yanzu, na ce zan jefar, kuma sau biyu ke nan ina buɗe shi ina shinshinawa.